Sai Motar Baba Ta Tashi

Assalamu alaikum 'yan dandali, masu taya ni jimami tsakani da Allah da masu zuwa jin ƙwaƙwaf, duk na gaishe ku. Na ga saƙonninku. Wata ta ce wai ko an fasa auren ne nake ɓoye muku, wata kuma har tana tambayar kalar anko. Baiwar Allah, a bari a sa rana tukuna. Ga waɗanda yau ne shigowarsu, sunana Zamzam, 'yar Malam Jibir tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. A nan Kafanchan aka haife ni, a nan na yi karatu, kuma har makon jiya na sallama cewa a nan zan tsufa ina jiran wata tsohuwar mota ta yi tari.

Motar ja ce, ko in ce ja ce a zamaninta. Kujerarta biyu, ba ta da rufi, kuma a ƙasa take kamar bahon wanki da aka sa wa taya. Baba ya ce ta tsere ce, irin wadda Turawa ke falla gudu da ita gashinsu na tashi. Wani injiniya Bature da ya yi wa aiki a reluwe ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tun Baba yana saurayi. Ni dai tun da na yi wayo a gindin mangwaron tsakar gidanmu na gan ta, a ɗore kan bulo. Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba, sun ƙyanƙyashe, jikokinsu ma sun yi. Nene, mahaifiyata, a kan bonet ɗin take shanyar citta, wai ƙarfen Bature ya fi tabarma riƙe rana. Ita ce ta raɗa mata suna Marigayiya, kuma sunan ya bi ta har gidajen maƙwabta.

Sai Allah ya kawo Mahadi. Malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo, mai sanyin murya, irin samarin da ke goge takalmi kafin su yi sallama. Ranar da ya fara shigowa gaishe da Baba, farar shadda ya sa, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. Baba kuwa ba ya wuce "lafiya lau, madalla" da duk wanda ya zo wurina. Mahadi ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙe zai fita, sai idonsa ya faɗa gindin mangwaro.

"Baba, wannan injin nata yana nan kuwa?"

Wannan tambaya ita ta dagula mini lissafi. Baba ya ɗago ya dube shi, irin duban da ban taɓa ganin ya yi wa ɗan Adam ba, ya ce a kwashe cittar nan. Ranar sai da aka kira magariba shaddar Mahadi ta fita daga gidanmu, kuma ba fara ta fita ba.

Da manyansa suka zo neman aure, ƙanin mahaifinsa ne ya jagorance su, Baffa Yunusa, ɗan kasuwar hatsi mai saurin magana da saurin duba agogo. Baba bai ja musu rai ba. Ya ce, "Na ba ku. Sai dai yarinyar nan a motar can za a kai ta ɗakinta. Ran da ta tashi, ran nan zan sa muku rana." Suka yi dariya, suka ce Malam akwai barkwanci. Ba su san Baba ba. Mutumin da ya yi ritaya bai taɓa makara wurin aiki ba ko a lokacin da jirgin kansa ya daina zuwa, shi za a ce yana wasa?

To tun daga nan zance ya koma gareji. Saurayin da ya kamata ya tsaya a zaure ya aiko a kira ni, shi ne yau har tsakar gida, Nene ta yi ɓuya ta gaji ta haƙura. Ku dubi wata Asabar. Atamfa na sa mai ruwan ganye da jajayen furanni, riga da siket, ɗinkin ya zauna mini ɗas. Na kafa ɗauri na warware, na sake kafawa har ya yi yadda nake so, na yafa mayafi ruwan madara. Na tsaya a kan kasko na sha turaren wuta har Nene ta yi atishawa daga ɗakinta. Na jero kunun aya mai sanyi da cincin a faranti, na fito ina taku ɗaiɗai. Me zan tarar? Ƙafafu huɗu sun leƙo daga ƙarƙashin mota, biyu masu faso na Baba, biyu cikin silifas na masoyina.

"Sannunku da aiki."

"Yawwa, ta fito," in ji muryar Mahadi daga ƙasa. Raina ya yi fari, na ce ashe dai ana jirana. "Miƙo mana sifana mai lamba goma sha uku, tana kan taya."

Na ajiye faranti na miƙa. Hannu ya fito baƙi ƙirin da giris, ya karɓa, ya koma, ya sake fitowa.

"Wannan sha huɗu ce."

"Yarinyar nan ba ta san sifana ba," in ji Baba, da muryar mai ba da haƙuri a kan tarbiyyar da ta kuɓuce masa.

Can Mahadi ya jawo jiki ya fito, ya zauna a ƙasa, ya kafe ni da ido tun daga ɗauri har ƙafa. Ya ce, "Masha Allah." Na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafi, na ce a raina wahalata ba ta faɗi ƙasa banza ba.

"Baba, fito ka ga. Ka ga jan furen nan na jikin atamfarta? Shi nake ta faɗa maka. Irinsa za mu ce wa mai fenti ya haɗa." Sai ya juyo gare ni. "Ko tela ya rago ƙyalle?"

Ku da kuke cewa ina da zafin rai, ku faɗa mini me za ku yi. Ni dai na shiga ɗaki na ɗauko masa ƙyallen.

Waya ma ba ta tsira ba. A da in na farka, saƙon da nake tararwa shi ne, "Hasken idona, kin tashi lafiya? Na kasa karyawa sai na ji muryarki." Yanzu kuwa, "Salam. Ki ce wa Baba na samo kafireta a kasuwar Panteka amma sai an wanke." Ko kuma, "Don Allah leƙa ki gani ko an rufe ta da leda, hadari ya haɗo ta wajenmu." Wata safiya ya turo, "Jiya na yi mafarki mai daɗi." Na gyara kwanciya, na rubuta, "Allah? Wane kaya na sa a ciki?" Ya amsa, "Ba ke ba ce. Bugu ɗaya ta tashi." Zancen gizo dai ba ya wuce na ƙoƙi.

Ƙawata Doreen, wadda katangarmu ɗaya da su tun muna firamare, ita ce ba ta raga mini. Ta shigo ta tarar da su sun baje injin a kan buhu, kowane ƙarfe da mazauninsa, Baba na wanke su da kananzir ɗaya bayan ɗaya yana shafawa a hankali. Ta ja ni gefe.

"Ke Zamzam, wannan saurayi naki, wurin ki ya zo ko wurin motan?"

"Ki tambaye shi mana."

"Abeg, ni ba ruwa na. Amma in ni ne, zan sa sugar a tanki, kowa ya huta."

"In ta mutu gaba ɗaya auren ya mutu, Doreen."

Ta ce, "To Allah ya ta da shi."

Na taɓa tambayarsa kai tsaye, ran da ya rako ni bakin zaure yana goge hannu da tsumma. Na ce, "Mahadi, tsakaninka da Allah, ni kake so ko ita?" Ya ce, "Haba Zamzam, saboda wa nake kwanciya a ƙasa kaji na bi ta kaina?" Amsa ce mai kyau, ban ƙi ba. Kuma na san wani abu da ba ya faɗa. Mahaifinsa ya rasu tun yana rarrafe, bai taɓa samun dattijon da zai ce masa riƙe nan, saki can, a'a ba haka ake yi ba. In Baba ya yi masa faɗa a kan ya ɗaure noti da yawa, har wani haske fuskarsa ke yi. Ina jin haushinsu, ina kuma tausayinsu, su biyun duka.

Haka muka yi ta tafiya har shekara ta nemi zagayowa. An yi fanibita, an yi fenti, an ɗinka wa kujeru sabuwar fata, an sauke ta daga kan bulo ta tsaya da tayoyinta. Kyau kam ta yi shi, har yaran unguwa na leƙowa ta kan katanga. Abu ɗaya ta ƙi, shi ne tashi. A murɗa makulli ta yi gurnani, ta yi shiru. A canza filogi, ta yi gurnani. A yi cajin batir, ta yi gurnani mai ƙarfi.

Ranar Litinin da ta wuce ina tankaɗen garin masara saƙo ya shigo.

"Zamzam, akwai matsala. Baffa ya ce Asabar za su zo, kuma zuwan ƙarshe ne. In ba su dawo da rana ba, Hajiya ta ce a karɓo kayan gaisuwa."

Hajiya mahaifiyarsa ce. Na rubuta, "Sai kuma me?"

"Wai akwai 'yar ƙanwarta. Ta ce gidansu ko keke babu, balle a jira ya tashi."

"Kai me ka ce?"

"Na ce mata saura kafireta kawai."

Na ajiye rariya na shiga ɗaki na yi kuka, kukan gaske, ba na shagwaɓa ba. Ina son Mahadi, da giris ɗinsa da komai. Ban taɓa kawo wa raina cewa ƙarfen da kaji suka raina ne zai raba mu ba. Da na gama na wanke fuska, na ɗaura tsohon zanen Nene, na fita gindin mangwaro na ce, "Baba, me zan riƙe?" Bai dube ni ba, ya ajiye tocila a kan bonet ya ce a ɗauka.

Makon nan babu irin bautar da ban yi wa Marigayiya ba. Na wanke noti da kananzir har lallena ya koɗe. Na hura bututun mai da bakina, na wuni ina gyatsar fetur. Na san sifana sha uku ko cikin barci. Nene da ta shekara tana zagin motar, ita na kama da asuba tana tofa addu'a a kofi tana juyewa a lagireto. Ta gan ni ta ɗaure fuska ta ce, "Ruwa ne dai, ba a nan take sha ba?" Doreen ma ta leƙo ta katanga ta ce, "Mama na ya kai sunan motan zumuntan mata a coci, sun yi addu'a a kai. Sun tambaya wane asibiti ne Marigayiya yake, na ce a gida ake jinya."

Ranar Juma'a Gwaggo Binta ta sauka daga Kauru. Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiransa Jibir gatsal ya amsa. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, in ta shiga keke mai ƙafa uku direba ba ya neman wani fasinja a baya. Ta zo da man shanu a galan da dawadawa a ƙullin leda, ta ce ta ji za a sa rana, kuma ba a sa ranar 'yar gidan nan ba ta nan. Duk 'yan matan danginmu ita ta riƙe hannunsu ta kai su ɗakin miji, ta damƙa amana, ta yi wa dangin ango gargaɗin da ba sa mantawa. Ko kallon gindin mangwaro ba ta yi ba, don an lulluɓe motar da tamfol.

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, saboda Baba ya ce shaidu su gani da idonsu. Baffa Yunusa ya zo da mutum biyu, da babbar riga ruwan toka da fuskar da ba ta zo wasa ba. Ango ba ya halartar sa ranarsa, kowa ya sani, amma Baba ya ce Mahadi ba a matsayin ango ya shigo ba, makaniki ne. Mu mata muna ɗakin Nene, ni da ita da Gwaggo da Doreen, kowa ta samu inda ta ɗaga labule.

Baba ya fito cikin tsohon kakinsa na reluwe, an goge shi har yana tsayawa da kansa. Ya yaye tamfol. Baƙin suka ce masha Allah ba su shirya ba. Ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa.

Gurnani, sai shiru.

Baffa Yunusa ya duba agogo. Ni kuwa na damƙe hannun Doreen har ta ce zan karya ta. Mahadi ya sunkuya cikin injin ya taɓa wani abu, ya ce, "Sake, Baba, ka ɗan ba ta wuta." Baba ya sake. Ta yi tari, ta yi na biyu, salansa ta saki wata ƙara da ta sa ɗaya daga cikin baƙin ya miƙe tsaye da salati, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mangwaro, kaji suka haura katanga. Sai kuma muka ji ta ɗauka, tana kaɗawa a hankali, tana wani gunji mai kauri da ban taɓa ji a unguwarmu ba.

Nene ta rangaɗa guɗa, ta tuna akwai surukai, ta toshe baki. Doreen na tsalle tana cewa, "Ya tashi, ya tashi!" Mahadi ya jingina da mangwaro ya rufe fuska da tsumman giris. Baba na zaune yana shafa sitiyari. Ya fito ya bar ta a kunne, ya zauna a tabarma, ya yi gyaran murya.

"To, alhamdu lillahi. Alkawari kaya ne. Ranar da na..."

"Dakata, Jibir."

Ban san lokacin da Gwaggo ta bar gefena ba. Ga ta can ta yafa mayafi, tana zagaya motar tana leƙa ciki kamar mai tayin saniya. Ta leƙa gaba, ta leƙa baya, ta dafa but, ma'ajiyar kaya, ta ga ba wurin zama ba ne.

"A wannan za a kai yarinyar?"

"A ita, Adda."

"To ni ina zan zauna?"

Jama'a, aka hau kallon-kallo. Shekara guda maza biyu masu hankali suna kwance ƙarƙashin mota, sun san sunan kowane noti da ke cikinta, babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya ƙirga kujeru da mutanen da ke kai amarya. Ni ma da nake muku iyayi ban taɓa kawo shi ba.

Baffa Yunusa ya ce, "Hajiya, ai sai ki biyo su a wata motar."

"In biyo su? Ni akuya na rako kasuwa? A gidan nan amarya ba ta taka ƙofa sai hannunta na cikin nawa, kuma ba na saki sai a bakin gadonta."

Ɗaya baƙon ya ce ko amarya ta zauna a cinyarta. Gwaggo ta nufi motar. Ta buɗe ƙofar fasinja, ta juya, ta sauke jiki a hankali. Motar ta durƙusa gefe guda. Gwaggo ta cika kujerar taf, ko jakar hannunta sai a waje ta riƙe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, babu wanda ya sake maganar cinya.

"Ni dai ga wurina," in ji ta. "Ku nemi inda za ku sa amaryar."

"Wai ma tukuna," in ji Baffa Yunusa, "wa zai ja motar?"

Mahadi ya fara ɗaga hannu. Baffa ya watsa masa harara ya ce ango a gida yake zama a kai masa, hannun ya koma. Sai Baba ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tabarma.

"Ni zan ja."

Gwaggo ta juyo da kyar daga inda take. "Kai? Uba ya ɗauki 'yarsa ya kai ta ɗakin miji? Kuma 'yar fari? Jibir, zaman Kafanchan ne ya cinye maka kunya? Yarinyar da ko sunanta ba ka kamawa, ita za ka zauna kafaɗa da kafaɗa da ita a bainar jama'a? Ba da raina ba."

Gaskiyarta ce a al'adarmu, kuma Baba ya fi kowa sani. Ni ce ta fari, ni ce kuma kaɗai mace. Tun da nake bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, in zai ba ni abu sai ya ajiye ya ce a ɗauka. A nan na gane abin da ya daɗe yana shiryawa. Kujera biyun nan ba mantuwa ya yi ba. Shi ya ƙirga su tuntuni.

Ya tashi, ya miƙa hannu ya kashe motar. Ya dawo ya zauna, ya ce, "To in ba ita za ta kai ta ba, ban san ranar da zan sa ba."

Baffa Yunusa ya ce, "Shi ke nan, Malam, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Na ga Mahadi ya dubi labulenmu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Nene ta ji motsina ta cafke mini zane, amma bakina ya riga ta.

"Ni zan tuƙa."

Kowa ya juyo. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na fito bakin ƙofa.

"Gwaggo ta zauna inda take. Ni in ja mu."

"La ilaha illallahu," in ji Gwaggo. "Amarya da lulluɓi? Ta ina za ki ga hanya?"

"Zan ɗaga shi kaɗan, Gwaggo."

"Kukan fa? Ko haka za ki tafi ido a bushe a ce mun gaji da ke?"

"In mun isa sai ki riƙe ni in yi."

"Hannun fa?"

Nan makaniki ya tsoma baki, cikin ladabi. "Gwaggo, ai hannunta na dama a kan giya zai zauna, dab da gwiwarki. Kina iya riƙewa tun daga nan har can."

Gwaggo ta dubi sandar giya, ta ɗora hannu a kai ta gwada, ta taɓe baki. Ba ta ce ta yarda ba, amma duk wanda ya san ta ya san in ba ta yarda ba ba a rasa ji. Baffa Yunusa ya saki takalmi, dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki.

"Malam Jibir, ko a kan jirgin ƙasa za ta zo mun karɓa. Don girman Allah, rana."

Baba ya juya makulli a hannunsa. Sannan ya ce, "Asabar ta farko bayan babbar sallah. In ta iya."

"Wa zai ce ta iya?" in ji Baffa Yunusa.

"Wanda ya koya mata."

Hannun Mahadi ya sake motsi. Baba ya zura makulli cikin aljihun kakinsa ya ɓalle maɓalli, ya ce, "Ni." Gwaggo ta buɗe baki, ta yi ta laluben al'adar da ta hana uba koya wa 'yarsa tuƙi, ba ta samu ba, don kakanninmu shanu suka bari ba motar tsere ba. Aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa. Fito da Gwaggo daga kujerar nan kuwa sai da baƙi suka tafi, ni da Nene da Doreen muka yi taron dangi.

Kafin ku fara turo mini barka, ku tsaya ku ji. An ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Da aurena a hannun kafireta yake, yanzu ya koma hannun mai jarrabawa, kuma mai jarrabawar Baba ne.

Jiya Lahadi da safe, bayan an karya, na ji ya ce wa Nene, "Ki ce wa yarinyar nan ta fito." Na sa doguwar riga mara nauyi da takalmi mara tudu, na fito da zumuɗina. Na zauna a kujerar direba, fatar tana ƙamshin sabunta. Ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, ya ja ƙofa. Motar ƙarama ce, ko ya so ko bai so ba kafaɗarsa na taɓa tawa. Ya kafe ido a gilashin gaba, ni ma haka.

"Riƙe sitiyari. Hannu biyu."

Na riƙe.

"Wancan kuloci, na tsakiya birki, na ƙarshe totur. Taka kuloci. Saki. Ba haka ba, a hankali ake saki."

Na taka na saki har ƙafata ta yi tsami, inji a kashe, muna fuskantar turken awaki. Na ce a raina in haka za mu tafi, sai babbar sallar baɗi. Ina shirin tambaya sai ya fara magana, ba da ni ba, da gilashin.

"Tafiyar motar nan ta ƙarshe, daga asibiti ne. Uwarki na nan inda nake, ke kina cinyarta cikin tawul. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ga shi ba rufi, na tuɓe rigata na rufa muku. A ƙofar gidan nan motar ta mutu, na turo ta ciki da hannu." Ya share wata ƙura da babu ita a jikin gilashin. "Ita ta kawo ki. Shi ya sa na ce ba wata ce za ta fitar da ke ba."

Ban taɓa jin wannan labari ba, ko daga bakin Nene. Na yi ta kallon awaki don kada hawaye ya zubo ya ba mu kunya mu duka. Wayata ta yi ƙara a cinyata, Mahadi ne: "Ya ake ciki? Kun fita titi? Giya nawa kika sa?" Na kifa ta.

"Baba, yaushe zan kunna?"

"Gobe," ya ce. "Ko jibi. Ni sai da na daɗe ina wanke ta kafin Bature ya bar ni na taɓa makulli. Sake taka kulocin."

Na saci kallon hannunsa. Makullin na cikin tafinsa, ya damƙe shi har jijiyoyi sun fito. Babbar sallah na matsowa, Hajiya da 'yar ƙanwarta na can sun zuba ido, kuma na san in na ce ya ba ni, a yadda yake a lokacin nan ba zai iya hana ni ba.

'Yan dandali, ku zage ni in kun so. Ban ce ya ba ni ba, na sake taka kulocin.